Tazargaden da Aka Ƙwace Mini a Amurka

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, kafin ta aje moɗar ruwa ta ce, "To Inna, yaya Amurka?" Na ba matan ajinmu na yaƙi da jahilci labari, na ba maƙwabta, har muryata ta dishe. Shi ne malamarmu ta ce tun da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro, in rubuta kowa ya karanta. Ku yi haƙuri da rubutun, da girma na koye shi.

Kun fi tambayata dogayen gidaje da ƙanƙara. Dogayen gidaje na gan su, a cikin ɗaya ma na zauna. Ƙanƙara kuwa na baro ta tana shirin zuwa. Abin da na fi kallo a ƙasar nan taga ce, sai wani ganye a tukunya.

Waɗanda ba su sani ba, wajen Lami na je. Lami sunan rana ne, ita ce 'yar farina, kun san ba zan rubuta na yankan ba. Mijinta likita ne, ya tafi ƙaro ilimi ya tafi da ita. Haihuwar fari, kamata ya yi ta zo gida wanka, amma tafiyar ta fi ƙarfin mai tsohon ciki. Sai aka ce ni in je. Wannan a ƙarshen daminar shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi na zamanin soja ne.

Na haɗa kaya irin na mai zuwa jego: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yaji, turaren wuta, da kilishi na surukina. Sai ƙullin tazargade da na saya wajen wani Buzu a kasuwar Funtua. A gidanmu ba a jego babu shi. A jiƙa, a shafa wa jariri, a zuba a ruwan mai jego, ɗaki ya ɗauki ƙamshin nan mai ɗaci-ɗaci. Da shi uwata ta yi mini, ita ma da shi aka yi mata. Na naɗe shi a sabon ɗankwali na sa a tsakiyar akwati.

Ɗana Sule ya raka ni Kano. Bayan Gwarzo taya ta fashe, muka zauna gindin kuka direba yana ta faɗa da kansa, ni kuwa ina ta lissafin ko jirgi yana jiran mutum. Ashe mu ne ma za mu jira shi.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata 'yar Jos, Saratu, ma'aikaciyar jinya ce a can. Ita ta ɗaura mini igiyar kujera. Da aka kawo abinci ta leƙa nawa ta ce, "Mama, ki ci burodin da shinkafar, naman nan ni ma ban yarda da shi ba." A Landan ita ta riƙe hannuna muka hau matattakala mai tafiya da kanta, na rufe ido ina salati, tana dariya tana cewa in ɗaga ƙafa mun iso. Daga Landan kuma rana ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar a zaune, na jira la'asar, na yi ta jira, rana tana nan inda take a jikin taga. Ƙarshe na yi sallata na ce Allah ya san matafiyi.

Da muka sauka aka raba mu layi, Saratu nata daban tun da mazauniya ce. Ta ɗaga mini hannu, ban sake ganinta ba.

Masu duba kaya suna da kare. Ya zo ya tsaya a kan akwatina kamar ya san ni. Wani saurayi mai safar hannu ya buɗe, ya ɗauke kilishi ko kallona bai yi ba. Daddawa ya shinshina ya kau da kai, ya mayar. Sai ya warware ɗankwalin. Ya murza ganyen, ya kai hanci, ya kira wani dattijo a cikinsu. Dattijon ya shinshina, ya faɗi wata kalma, suka yi 'yar dariya. Ya dube ni, ya yi kamar mai kai kofi baki, sannan ya juya yatsa a gefen kansa, irin yadda ake nuna mahaukaci. Ya jefa ƙullin a kwandon shara, ya miƙo mini ɗankwalina wayam. Ban da bakin da zan tambaya. Na ɗauka ni yake cewa ba ni da hankali. Na ninke ɗankwalin na wuce.

Garin da suke Silver Spring ake ce masa, a gefen Washington. Gidan bene ne, ana hawa da wani akwati da ake kira lif. Babu zaure, babu tsakar gida, ƙofa ɗaya ce, kana buɗewa ga falo ga kicin ga kowa. Ku da kuka san kunyar suruki ku auna. A gida da sai mu shekara ban haɗa ido da shi ba. A nan ɗakina yana kallon nasu, makewayi ɗaya. Da safe ya tsaya bayan ƙofa ya ce, "Inna, ina kwana," in amsa daga ciki. Ba na fitowa sai na ji ƙarar makullinsa. Abinci a ɗaki nake ci. Shi ma bawan Allah a takure yake, a gidansa yana tafiya kamar baƙo.

Na tarar an riga an haihu, namiji, amma aiki aka yi mata aka ciro shi. Surukina likita ya aiko Lami ta gaya mini babu wankan ruwan zafi saboda ɗinki, kunun kanwa kuma kada a fara, ya ga matan da ya kumbura a asibiti tun yana Zariya. Ban yi musu ba, ya fi ni sanin aikinsa. Amma sai na duba na ga duk abin da ya kawo ni an sauke mini shi. Ba itace, ba tukunyar wanka, ba kunu, tazargade yana kwandon shara. Na zama mai wanke kwanuka, su ma inji ne ke wanke rabi.

An yi suna. Ragon a wata gona mai nisa aka yanka, ya iso a yayyanke cikin leda, ban ga ko ƙahonsa ba. Ranar Asabar matan 'yan'uwanmu suka zo daga Greenbelt da wasu unguwanni, suka durƙusa suka gaishe ni da kyau, 'ya'yansu ina yi musu Hausa suna amsa mini da Turanci. Kafin magariba kowa ya watse, wai gobe wata tana da aiki. Daga ranar gida ya yi tsit.

Nan na lura da Lami sosai. Kwance take wuni, fuska a bango. In na kai mata yaro ta ba shi nono tana kallon wani wuri, ya ƙoshi ta miƙo mini shi kamar ta gama aikin da aka sa ta. Ba ta kuka, ba ta faɗa. In na ce ta ci abinci ta ce to, in dawo in ɗauke kwanon yadda na aje shi. Ni kuma ban san ƙofar da zan shiga mata ba. 'Yar fari ce, gwaggonta ta yaye ta, a can ta fi zama. Tun tana ƙarama ban taɓa zaunar da ita mun yi hira ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka aka yi mu. A gida wannan ba ya cutar da kowa, domin akwai gwaggo, akwai inna, akwai kaka. A Amurka ni kaɗai ce, ga izinin zamana zuwa farkon sanyi ne. Tsorona ɗaya, in hau jirgi in bar ta tana kallon bangon nan.

Sai in goya angona, haka nake ce wa jaririn, in tsaya a taga. Motoci a ƙasa kamar tururuwa, jirgin ƙasa ya wuce ya dawo, ba mai talla, ba akuya, ba kiran salla. Ran nan na yi ƙarfin hali na sauka. Na gai da wani mutum a lif, ya dubi takalminsa har muka isa ƙasa. Na tsaya bakin ƙofa na sha iska na komo. Kazarsu ƙatuwa ce kamar agwagwa amma ba ta da ɗanɗano, madararsu ba ta warin saniya. Da garin shinkafa nake tuƙa tuwo, in ci ni kaɗai ina gaya wa angona labarin Funtua.

Wata rana da hantsi na ce bari ko turare in sa, ɗakin mai jego ya yi kama da na mai jego. Babu garwashi, sai na zuba a murfin gwangwani na ɗora kan murhun lantarki. Hayaƙi ya tashi gwanin daɗi. Sai wani farin abu da ke manne a silin ya fasa ihu, ihun da ban taɓa jin irinsa ba. Na fito waje da gudu ba takalmi, yaro a baya, ina innalillahi. Ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe, wata tsohuwar Baturiya ta fito da sanda, gashi fari fat. Ta dube ni ta ce, "Sannu maƙwabciya. Ba gobara ba ce, hayaƙinki ne ya tashe shi."

Da Hausa. Sai da na dafa bango.

Ta shiga ta buɗe tagogi, ta sa ni kaɗa tawul a ƙarƙashin abin har ya yi shiru. Lami ta leƙo, ta ga ba kome, ta koma ta kwanta. Tsohuwar ta bi ta da kallo.

Madam nake ce mata. Bafaranshiya ce, mijinta ya yi aikin sayen gyaɗa a Maraɗi tun kafin mulkin kai, a can ta haifi ɗanta, matan unguwa suka koya mata Hausa irin ta Katsinawan can. Mijin ya rasu, ɗan ya ɗauko ta ya kama mata ɗaki kusa da wajen aikinsa. Ran Lahadi yake zuwa, ya cika mata firij, ya sumbaci goshinta ya tafi. Ta ce rabonta da Hausa tun ɗan nata bai yi gemu ba, shi ya sa takan tsaya tsakiyar magana tana lalube, in miƙa mata kalmar, ta ce, "Yawwa, Allah shi biya ki." Kullum bayan la'asar na riƙa tsallakawa da angona. Tana tsokanata wai na tsufa da auren yaro, ni kuma in ce gara ni ina da miji.

A barandarta na ga ganyen, a cikin tukunya, launinsa kamar an barbaɗa masa toka. Na murza na kai hanci, sai da idona ya kawo ruwa. Na ce, "Madam, tazargade." Ta ce ta san wanda nake nufi, Buzaye suna kawo shi kasuwar Maraɗi. Wannan ɗan'uwansa ne na ƙasar sanyi, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ba ta labarin dattijon da ya juya yatsa a kansa. Ta yi dariya har da tari, ta ce ba da ni yake ba, da ubanta yake.

Ashe ubanta manomin ganyen ne, a wani gari na kan duwatsu kusa da iyakar Suwizalan. Da shi ake yin wata koriyar giya mai suna absint. Ta ce da fari magani ne. Sojojinsu da suka je yaƙi Aljeriya ana ɗiga musu a ruwa saboda zazzaɓi da ciwon ciki, suka koma gida da ƙishinta. Aka wayi gari kowa na sha, attajiri da lebura, masu zane da masu waƙa, har yammacin da ake zama shanta aka sa masa sunan launinta. Da ciwo ya kama gonakin inabi, giyar inabi ta yi tsada, talakawa suka koma kanta, marasa tsoron Allah suka shiga haɗa ta jabu da abin da ko dabba ba a ba. Sai aka fara cewa tana haukatarwa, tana sa ganin abin da babu. Ana nan wani manomi a Suwizalan ya kashe iyalinsa. Ranar ya sha giya iri-iri tun safe, koriyar kaɗan ce a ciki, amma ita aka kama. Masu inabi da gonakinsu suka farfaɗo suka ƙara zuga wuta. Ƙasa bayan ƙasa aka hana ta, Amurka ma ta riga Faransa, kuma har zuwan da na yi haramtacciya ce a can. Madam tana yarinya, ana cikin yaƙin Jamus na farko, ubanta ya tuge gonarsa da hannunsa. Ta ce bayan nan mutum ne da ba ya magana a gida.

Ta ɗauko wani cokali mai faɗi mai huda-huda, na uban ne. A kan bakin kofi ake ɗora shi, a sa ƙwayar sukari, a riƙa ɗiga ruwan sanyi, koren ya rikiɗe ya yi fari kamar an dama nono. Ita ba ta taɓa sha ba, cokalin kawai ta gada, da tsiron da take ɗauka duk inda ta koma.

Na ce mata, "Ni dai a wajena giya giya ce, ko koriya ko ja, Allah ya hana mu. Amma ganyen me ya yi?"

Ta ce, "Ɗaci gare shi, shi ke nan laifinsa. In suna ya ɓaci, har jikoki sai an juya musu yatsa." Sannan ta ɗauko almakashi ta ce in yanka in kai wa ɗiyata, ta ga idonta, ita ma ta yi irin wannan kwanciyar a Maraɗi, matan unguwa ne suka ƙi barinta ita kaɗai.

Ban karɓa ba ranar. Gidan mutum ne, ya hana wanka ya hana kunu, ba zan shigo masa da ganye a ɓoye ba. Wadda za ta kai masa saƙona kuma ita ce kwance. Na yi ta juya abin kwana da kwanaki, ganyayen itatuwan titi suna yin ja suna zuba, lokacina yana tafiya.

Ranar wata Lahadi da safe yana shan shayi a tebur, na ja mayafi na fito. Na tsaya bakin kicin na ba shi gefe, ina kallon firij. Jin motsina ya miƙe zai ba ni wuri. Na ce, "Likita, zauna. Magana gare ni." Tun da ya auri Lami wannan ce maganar farko da na yi masa ba gaisuwa ba. Cokalin ya faɗi daga hannunsa.

Na gaya masa komai ina kallon firij ɗin. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce shuka ganyen ba laifi ba ne a ƙasar, a filin jirgi ma don busasshen ganye ne marar takarda aka karɓe. Amma akwai wani abu a cikinsa da in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, don haka kada jariri ya sha ko ɗigo, kada a shafa masa, kada Lami ta sha tun da tana shayarwa, kada ya taɓa ɗinki. Tururi da wanke fuska da hannu ya yarda. Na ce na ji, na kuma yarda. Na juya zan koma, sai ya ce, "Inna, ni ma ina da roƙo." Ya ce abin da ke damun Lami ciwo ne da aka sani, yana kama mata bayan haihuwa, akwai likitar da ke duba shi, ya yi ya yi ta ƙi zuwa. "Ni ta daina jin maganata. Ina tsoro, Inna. In na fita aiki ban san abin da zan tarar ba."

Ashe bango ɗaya ne tsakaninmu, kowa yana ɗakinsa da tsoro iri ɗaya.

Na tsallaka, Madam ta yanko mini da yawa, ta ce dama sanyi zai kwantar da shi. Na tafasa a tukunya, na juye a roba, na shiga da shi ɗakin Lami na aje a gaban gado. Na zauna a ƙasa. Tururi ya tashi, ɗakin ya cika.

Can sai ta juyo daga bango. Ta ce, "Inna, warin ɗakin da aka haifi Sule." Ta ce tana tunawa, gwaggo ta kawo ta ganin jariri, ta laɓe a bakin ƙofa tana kallona ina shafa masa, tana so in kira ta, ban kira ta ba.

Na tsoma tsumma na matse, na hau bakin gadon na shafa mata fuska. Sai na kira ta da sunanta na yanka, wanda bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata shi. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Sannan ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ta riƙe tun daga asibiti. Ruwan ya huce muna nan. Da yaro ya motsa a falo, ita ta ce, "Miƙo mini shi."

Kada ku ce ganye ne ya warkar da ita, ba ta warke ranar ba. Amma a makon ta yarda muka je wajen likitar, ni da ita da mijinta a mota ɗaya, ina baya ina kallon taga. Kafin in taho tana cin abinci, tana yi wa yaro wasa, wata ranar kuma ta koma bango, amma ta kan juyo. Madam ta raba tsiron ta dasa mata a wata tukunya. Na roƙi Lami abu ɗaya, bayan la'asar ta riƙa goya yaro ta tsallaka, ƙofa tana kallon ƙofa, kada a bar tsohuwar nan ta koma lalube ita kaɗai.

Ranar tafiya Madam ta fito da sandarta har bakin lif. Ta ce, "Ki gai da mutanen Katsina." Na ce za su ji. Mu biyu mun san ba za mu sake ganin juna ba. Ƙofar lif ta rufe tana tsaye.

To, ga Amurka kun ji. Na dawo na tarar da gida cike, awaki, jikoki, masu talla, kiran salla ta ko'ina, alhamdu lillahi. Amma in la'asar ta yi nakan tsinci kaina a tsaye ina tunanin ko Lami ta tsallaka wajen Madam yau. Gwaggonta ta ji labarin kiran sunan ta ce na yi abin kunya, ban musa ba. Sunan kuwa ban sake faɗarsa ba, Lami na ci gaba da ce mata har a filin jirgi. Sau ɗayan nan ta ji, ni ma na ji.